Zare a Wuyan Kwalba

Masu bibiyar labarina, yau kada wanda ya yi saurin sa min albarka. Akwai wata baiwar Allah da ta rubuto min a kashin da ya wuce, wai, "Ummuhani, ke kam ba ki da mugunta ko ta sisin kwabo." 'Yar uwa, na gode, amma ki riƙe yabonki a hannu tukuna. Ki karanta wannan har ƙarshe, in kin gama kina da sauran sha'awar ba ni, sai ki miƙo.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni 'yar Malam Inuwa ce a Likoro. Na yi difloma a fannin aikin gona a Zariya, na dawo gida da takarda, takardar ta shige ƙasan akwatin Umma, shekara biyu ke nan tana shan ƙamshin kafur. Wanda zan aura sunansa Ukasha, mai gyaran injin ban ruwa ne a Kudan. Ina son sa, wannan ko makaho ya shaida. An sa rana, a lokacin da abin nan ya faru saura mako bakwai.

Ranar da aka zo sa ranar ne aka ɗaura min igiya a ƙafa. Baba ya ce 'yarsa ta yi karatu, yana so a bar ta ta yi aiki. Kawun Ukasha ya gyara zama ya ce, "Mu a gidanmu, aikin da muka sami mace da shi ba ma raba ta da shi. Amma matar aure ba ta fita yawon neman aiki da takardu a hammata." Dattawa suka ce wannan adalci ne, aka shafa fatiha. Kun gane ke nan. In na shiga ɗakina da aiki a hannu, nawa ne har abada. In na shiga hannu rabbana, to takardar nan ta mutu a akwati.

Umma kuwa ba ta bari na manta ko na wuni ɗaya.

"Shanun noma guda biyu ubanki ya rabu da su saboda bokon nan," in ji ta, tana tankaɗe ko kallona ba ta yi. "Yanzu shi ke bin mutane aron garma. In takardar ta gagara, ki fito min da ita, ai ta yi naɗin ƙuli-ƙuli."

Ina cikin wanke-wanke ranar wata Talata wayata ta yi ƙara a kan turmi. Ukasha ne.

*Hani, duba wannan da sauri. Shagon su Yaya ne.*

A ƙasa ya turo hoton sanarwa. Ana neman ma'aikaciya mace mai takardar aikin gona a shagon Hajiya Zubaida na iri da maganin feshi da ke Makarfi. Intabiyu ranar Litinin. Na karanta sau uku da kumfar sabulu a hannuna.

Yayan da yake nufi ita ce Yaya Mukarrama. Ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ce uwarsa ita ce ubansa. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, shekararta goma sha ɗaya a shagon Hajiya Zubaida, da shi take ci da su. Ita ke haɗa min lefe da hannunta. Sai ta kira ni ta ce, "Amaryarmu, leshi mai ruwan ƙwai ko mai ruwan goro?" in yi ta noƙe-noƙen kunya tana min dariya.

Da na kai wa Baba maganar bayan azahar, yana jan carbi ya ce, "Ba za ki je ki zauna ƙarƙashin mutumin da ban san halinsa ba. Miji ma sai an bincika ake ba shi, balle wadda za ki wuni a gabanta kullum. Ki je ki bincika da kanki, ke kika yi boko. Ki zo ki faɗa min abin da kika gani."

Baba da ya san irin 'yar da ya haifa, da bai ba ni wannan izini ba. Ni fa in aka ce bincike, har kakar mutum sai na tono.

Da Fesbuk na fara. Shagon yana da shafi, ga hotunan buhunan iri an jera, ga kwalabe reras a kan kanta, ga Hajiya tana miƙa wa matan ƙungiya injin feshi. Na bi bayanan da mutane suka rubuta a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, duk "Allah ya ƙara kasuwa" ne, sai guda ɗaya. Wani ya rubuta, *Ku ji tsoron Allah, kun ƙone wa Malam Mamuda na Taba tumatirinsa.* Ba wanda ya ba shi amsa. Na ɗauki hoton rubutun na ajiye.

Washegari na ce zan je gaida gwaggona a Taba. Na gaishe ta kuwa, minti goma, sannan na sa aka nuna min lambun Malam Mamuda. Na same shi a bakin fadama, dattijo ne mai farin gemu, yana zaune a kan injin ban ruwan da ba ya aiki. Bayan mun gaisa har da tambayar iyali da gajiya, na ce ni ɗalibar aikin gona ce. Ya nuna min lambun da sandarsa. Fangali-fangali ne har inda idona ya tsaya, duk sun bushe sun yi ja, kamar an bi su da wuta.

"Ya fara fure ke nan," ya ce. "Maganin tsutsa na je na ce a ba ni. Ashe na ciyawa aka ba ni. Ni ba karatun boko na yi ba, abin da aka miƙo min shi na zuba."

"Baba, wacce ce ta ba ka a cikinsu?"

"'Yata, su biyu ne, duk koren hijabi gare su. Ni kuma ba na ƙare wa matan mutane kallo. Hajiyar ma ta aiko har sau biyu tana tambaya, abin da na faɗa mata ke nan."

Na tausaya masa, Allah ya sani. Amma a kan babur ɗin dawowa abin da ke raina shi ne, na sami abin da sauran masu neman aikin ba su da shi.

Ranar Juma'a ba a buɗe shagon sai bayan an sauko daga masallaci, don haka na yi sammako na shiga mota zuwa Tashar Yari, daga nan na hau ta Makarfi, na sauka gidan Yaya Mukarrama. Ta rungume ni tun daga zaure tana guɗa ƙasa-ƙasa. Ɗakinta tsaf, ledar ƙasa mai zanen fulawa, labule ruwan toka, akwatuna huɗu a jere a bayan ƙofa an lulluɓe su da zanin gado.

"Kada ki kalli can," ta ce. "Amarya ba ta leƙen lefenta. Zauna ki ci shinkafa da wake, na san ba ki karya ba."

Ina ci tana ba ni karatun Hajiya. Kada in zauna sai ta ce in zauna. Kada in ce "ina ganin," in ce "na sani" ko "ban sani ba." Ba ta son turare mai ƙarfi, ba ta son a taɓa waya a gabanta, ba ta son a kira ta Anti. Duk ina rubutawa a bayan wani tsohon littafina. Ita kuma hannunta bai huta ba, tana yanka farin zare guntu-guntu tana zubawa a gwangwanin madara.

"Yaya, wannan zaren fa?"

"Na wuyan kwalabe ne. Ƙulli ɗaya maganin ƙwari, ƙulli biyu maganin ciyawa. Saboda manoman da ba su iya karatu ba. Hajiya ma ta yaba da dabarar."

Na ajiye cokali na ce, "Yaya, shekaranjiya na je Taba. Na ga lambun Malam Mamuda."

Almakashin ya tsaya a hannunta. Sai ta tashi ta leƙa tsakar gida, ta saki labule, ta tura ƙofa, ta dawo ta zauna dab da ni har gwiwarmu na haɗuwa.

"Ummuhani, ke yanzu 'yar gida ce. Zan faɗa miki abin da ko Ukasha ban faɗa wa ba." Muryarta ta yi ƙasa. "Zaren nan ba don manoma nake ɗaura shi ba. Don ni ne. Shekara guda ke nan ƙananan rubutu sun ɓace min, hazo kawai nake gani. Na je asibiti a Zariya a ɓoye, likita ya ce yanar ido ce, ba ta tabarau ba ce, sai an yi aiki. In kaya suka zo sai in ɗauki hoton kwalin a waya, in buɗa shi ya yi girma, in karanta, in bi kwalaben da zare. Ranar nan kasuwa ce, kaya suka iso ana tsakiyar ciniki, kamfanin ya sake kwalba, duka iri ɗaya. Zulai abokiyar aikina ta jera su kafin in ɗaura. Na miƙa hannu inda na saba." Hawaye ya zubo mata, ta share da bakin ɗankwali. "Tun ranar ban yi barci mai daɗi ba. Kullum sai na sa dattijon nan a addu'a."

"Me ya sa ba ki gaya wa Ukasha ba?"

"In ya ji, duk abin da ya tara na biki asibiti zai kwasa ya kai. Na san ɗana. A bari a ɗaura muku aure, sai in je a yi min." Ta kama hannuna. "Shi ya sa da na ji sanarwar nan na ce Allah ne ya amsa min. Hajiya ta ce reshe za ta buɗe a Ikara, ta tura Zulai can. Kin ga sai ni da ke. Ke ce idona, ƙanwata. Wata biyu kawai nake so ki rufa min asiri."

Na ce, "Haba Yaya, wallahi ko a lahira ba mai ji daga bakina."

Ku lura, ba ta ce in rantse ba. Ni na rantse don kaina.

Da na tsaya a nan da shi ke nan. Amma maganar reshen Ikara ta tsaya min a rai, don ban gan ta a shafin shagon ba, kuma mai son nuna buhun iri a Fesbuk ba za ta ɓoye sabon shago ba. Ranar Asabar na ce wa Umma zan je karɓo ɗinki, na wuce Ikara. Na yi tambaya a tasha, na yi a layin masu taki, ba wanda ya san da zancen. Wani mai sayar da buhu ne ya ce in nemi Bilki, ta taɓa aiki a wurin Hajiya, yanzu tana murza taliya a gida.

Na sami Bilki a tsakar gida ta shanya taliya a igiya kamar wanki. Doguwa ce, baki gare ta kamar reza. Ina ambaton reshe ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Reshen Ikara? Har yanzu bai gama ginuwa ba? Ai ni ma da shi aka kore ni. Aka ce za a turo ni nan kusa da gida, na yi ta murna, na koya wa Zulai aiki da hannuna. Ranar da ta iya, aka ce in ajiye hijabi."

"To yanzu da ta nemi sabuwa fa?"

"Ke yarinya, kujera biyu ce a shagon nan tun mijinta yana da rai, kuma biyu za ta mutu ta bari. In kin ji ta nemi sabuwa, ɗaya za ta tashi. Wani lokacin ma ba ta gama zaɓar wacce ba, sai ta ga abin da hali ya yi." Ta kalle ni sama da ƙasa. "In kina son aikin, ga shawara kyauta. Hajiya ba takarda take saye ba. Mai kawo mata abin da ba ta sani ba take so."

A motar dawowa na lissafa abin a kaina har ya zauna daram. Ko Zulai ko Yaya. Ba wani ni da ita, ba wani ido. Na so in kira ta in faɗa mata, har na nemo lambarta. Sai na ce bari in isa gida tukuna. Da na isa na ce bari in yi sallah. Da na idar na sa wayar a caji.

Baba ya tambaye ni abin da na gano. Na ce mace ce mai tsare mutuncinta, mata zalla ke mata aiki, ana tashi kafin magariba. Duk gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Ya ce Allah ya yi albarka.

Ranar Lahadi da la'asar Ukasha ya zo zance, da rake guda biyu a ɗaure a bayan babur da mazarƙwaila a leda, farcensa baƙi ƙirin da man inji duk da ya sha wanka.

"Yaya ta ce in gaya miki ta wanke koren hijabinta na biyu ta goge," ya ce yana murmushi. "Wai kada a ɗauke ki ranar a rasa abin da za ki sa. Ni dai na ga alama za ku haɗe min kai."

"Kai dai ka yi addu'a."

"Hani, lafiya? Ko tsoron Hajiyar ne?"

Na ce tsoro ne. Wannan ma gaskiya ne.

Litinin na sa atamfata ruwan ƙasa mai ƙananan ganye, ɗinkin riga da siket marar hayaniya, da farin hijabi, ban fesa turare ba. Umma ta fito da takardar daga akwati da kanta, ta goge ta da gefen zaninta, ta ce, "To, yau dai a ga amfanin shanu."

Mu biyar ne a kan benci a gaban shagon. Sauran huɗun ban damu da su ba sai ɗaya, wata Firdausi daga Zariya, mai digiri, da jakar kwamfuta a cinya, tana amsa waya da Turanci kamar ruwa. Ta shiga ta yi rabin awa, muna jiyo dariyar Hajiya. Ta fito tana gyara gyale kamar an riga an ba ta makulli. Yaya na bayan kantar shagon tana sallamar wani manomi, ta ɗago ta yi min alama da hannu wai in kwantar da hankalina.

Ni ce ta ƙarshe. Ofishin ɗan ƙarami ne a bayan shagon, warin magani ya cika shi. Hajiya Zubaida 'yar firit ce, ba yadda na zata ba, da haƙorin Makka da carbin latsawa a yatsa. Na durƙusa na gaishe ta, ban zauna ba sai da ta nuna kujera. Ta duba takardata kamar mai duba rasit ɗin wani, ta ture gefe.

"Ke ce 'yar Likoro mai bincike."

Na gyara zama a kan kujerar.

"Laraba kina Taba. Juma'a kina gidan Mukarrama. Asabar kina Ikara wajen Bilki mai baki. Kin zata a ƙasar nan mace za ta yi yawon tambaya a kaina ban ji ba?" Ta latsa carbinta. "Ban ji haushi ba. Cikin ku biyar ke kaɗai kika damu ki san inda za ki. Amma waccan ta Zariya ta fi ki takarda, ta fi ki baki, kuma ta ce gobe ma za ta iya farawa. Ke me kika fi ta?"

Na fara zuba abin da na haddace, yadda ake auna magani a lita, da lokacin feshi. Ta ɗaga hannu.

"Wannan ta faɗa min da Turanci. Na tambaye ki, kwana biyar kina tona ni, me kika gano a shagona wanda ni ban sani ba? In babu, ki gaida Malam Inuwa."

Ta miƙo min takardata.

'Yan uwa, zan iya ce muku Malam Mamuda na tuna, da lambunsa da ya ƙone. Zan iya cewa tausayin Zulai ne, kada a kore ta a kan laifin da ba nata ba. Na faɗa wa kaina duka biyun daga baya, kuma suna da daɗin ji. Amma a wannan lokacin ba ko ɗaya a raina. Takardar nan kawai na gani tana komawa ƙasan akwati, da fuskar Umma in na shiga gida.

Ban karɓi takardar ba. Na ce, "Hajiya, zaren da ke wuyan kwalaben nan, ki cire shi. Ki ba kowacce ta karanta miki."

Ban ambaci suna ba. Har yau ina riƙe da wannan kamar wani abin kirki.

Hajiya ta kalle ni. Sai ta ɗaga murya kaɗan. "Zulai. Mukarrama. Ku zo min da kwalba biyu cikin sababbin nan."

Na yunƙura zan fita. Ta ce, "Zauna."

Suka shigo. Hajiya ta ɗauki reza a kan tebur ta tsinke zaren duka biyun, ta juya kwalaben a bayanta, ta miƙa wa Zulai ɗaya. Zulai ta karanta tar, har da ranar lalacewa. Sannan ta miƙa wa Yaya ɗayar.

Abin da ba zan manta ba shi ne babban yatsanta. Yana ta zagaya wuyan kwalbar yana neman ƙulli. Ta kawo ta kusa da hancinta, ta nisanta, ta karkata wajen taga. Ana jiyo manoma na ciniki a waje.

"Muna jira," in ji Hajiya.

"Na ƙwari ne, Hajiya."

"Karanta min sunan."

Yaya ta sake kawo kwalbar kusa da idonta.

"Na ciyawa ne," Hajiya ta ce, a hankali, kamar mai faɗin farashi. "Irin wanda kika ba dattijon Taba. Wata nawa kina sayar wa mutane guba da lalube a shagona?"

"Hajiya, ki yi min rai. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa..."

"Shekara goma kika yi min aiki. Ta ɗayar makanta kika yi min. Har ki zo min da zare wai dabarar manoma, ni kuma ina yabonki a gaban mutane." Ta juyo gare ni. "Ke, gobe ƙarfe takwas. Mukarrama, ki nuna mata inda komai yake kafin ki tafi, tunda ke ko a duhu kin san wurinsu."

Zulai ta sunkuyar da kai tana kuka. Yaya ba ta yi kuka ba, kuma ba ta kalle ni ba. Ta ajiye kwalbar a kan tebur da hannu biyu, ta ce, "To, Hajiya."

Na zata za ta zage ni in mun fita. Wallahi na so ta zage ni. Sai ta kama hannuna kamar ranar Juma'a, ta zagaya da ni shagon tana yi min bayani. Nan irin masara yake, mai saurin nuna a sama. Wannan makullin sai an ɗaga ƙofar sannan yake juyawa. Manoman Kudan sun fi zuwa da sassafe, a yi haƙuri da su, ba sa son a katse musu gaisuwa. In tsoho ya zo, ki tambaye shi sau biyu me zai fesa wa, kada ki ji nauyi. Ta ɗauko wata baƙar leda a ƙarƙashin kantar shagon ta ba ni. Koren hijabin ne, a goge, an ninke shi kamar na shago.

Sannan ta cire makullan daga igiyar wuyanta ta sa a tafin hannuna, ta rufe yatsuna a kai. Ta matso dab da kunnena.

"Ke kaɗai na gaya wa, Ummuhani."

Na ce, "Yaya..."

"Ba sai kin ce komai ba. Ukasha ba zai ji daga bakina ba, yana son ki, ba zan ɓata masa ba. Lefenki kuma ni zan kawo shi Likoro ranar da aka sa, da kaina zan buɗe akwatunan a gaban danginki." Ta gyara min bakin hijabina da ya karkace. "Sai dai a samo wadda za ta riƙa faɗar kalar zannuwan. Kin san ni ba na gani."

Ta ɗauki gwangwanin zarenta ta fita. Na bi ta da kallo tana tsallaka titi a hankali, tana tsayawa tana sauraren babura kafin ta taka.

A gida Umma ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo. Ta sa aka yanka zakara. Baba ya kira ni ya dafa kaina ya ce, "Kin ga amfanin bincike." Na ci naman, kada ku ce ban ci ba. Na ci har da romo.

Ana kiran la'asar wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Ukasha, na shiga ɗaki na kara a kunne. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

*"Hani, ina gidan Yaya. Ashe idonta ne, shekara guda, ban sani ba. A gaban mutane aka tozarta ta. Ta ce ke ba ruwanki, wai ma ta gode wa Allah da kujerar ta faɗa hannun 'yar gida. Amma Hajiya ba duba take yi ba, wani ne ya kai mata. Na yi na yi Yaya ta faɗa min wanda take zargi, ta ƙi."*

Kafin in sauke wayar wani ya shigo, wannan a rubuce.

*Gobe kina cikin shagon. Ke kika iya bincike, kin fi kowa. Ki nemo min ko waye, Hani. Na rantse da Allah ba zan zauna a ɗaura min aure ba sai na san sunansa.*

Yana nan a kan layi, alamar kore na ci a gefen hotonsa, ya ga na karanta. Koren hijabin na rataye a ƙusa a gabana, da ƙamshin sabulun Yaya a jikinsa.

Na rubuta masa, *To, in sha Allah.*